Tarihin Dokar Shigar da Ma'aikata Cikin Asusun Fansho Kai Tsaye a Birtaniya

1. Gabatarwa

A ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 2012, wata doka ta fara aiki a ƙasar Birtaniya wadda ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata nauyin shigar da ma'aikacinsa cikin asusun fansho, ko da ma'aikacin bai nema ba, sa'an nan ya riƙa zuba masa wani kaso daga aljihun kamfani. Ma'aikaci yana da ikon ficewa in ya ga dama, amma sai ya tashi da kansa ya nemi fitar. Wannan tsari shi muka kira shigarwa kai tsaye a cikin wannan takarda.

Manufarmu a nan ita ce mu bi diddigin yadda aka iso ga wannan doka. Za mu nuna cewa tambayar da ta yi ta kai da komo a Birtaniya fiye da shekara ɗari ita ce: a wuyan wa za a rataya tanadin tsufan ma'aikaci? Gwamnati ce, ko mai ba shi aiki, ko kuwa shi da kansa? An gwada kowace amsa, kowace kuma ta nuna iyakarta. Abin da dokar shigarwa kai tsaye ta zo da shi shi ne sauya ma'anar shirun ma'aikaci. A da, wanda ya yi shiru yana waje. Bayan 2012, wanda ya yi shiru yana ciki. Daga wannan sauyi ƙarfin dokar ya fito, daga gare shi kuma rauninta ya fito.

2. Rabon Nauyi Tsakanin Gwamnati da Kamfanoni, 1908 zuwa 1980

Kafin ƙarni na 20, talakan Birtaniya da ƙarfinsa ya ƙare ba shi da madogara sai 'ya'yansa, ko ƙungiyoyin taimakon juna, ko gidajen gajiyayyu waɗanda mutane ke ƙyamar shiga. Fansho na ma'aikatan gwamnati ne, waɗanda dokokin 1834 da 1859 suka tsara musu, da kuma ma'aikatan wasu manyan kamfanoni irin su na jirgin ƙasa da bankuna.

A shekarar 1908 Majalisar Dokoki ta zartar da dokar fanshon tsofaffi, aka fara biya a watan Janairu na 1909. Wanda ya kai shekara 70, kuma abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, ana ba shi har sule 5 a mako a gidan waya. A 1925 aka kawo fanshon da ma'aikaci da mai ba shi aiki suke zuba wa kuɗi tare. Bayan rahoton William Beveridge na 1942, dokar inshorar ƙasa ta 1946, wadda ta fara aiki a 1948, ta game kusan kowa. Sai dai Beveridge bai nufi fanshon gwamnati ya wadatar da mutum ba. Nufinsa a ba kowa abin da zai hana shi faɗawa cikin fatara, wanda ke son ƙari ya nema ta wata hanya.

Wannan giɓi kamfanoni ne suka cike shi, bisa radin kansu. Dokar kuɗi ta 1921 ta sassauta haraji a kan asusun fansho na kamfanoni, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, sa'ad da ma'aikata suka yi wuyar samu, fansho ya zama abin jawo ƙwararre da kuma ɗaure shi kada ya bar wurin. Yawan ma'aikatan da ke cikin irin waɗannan asusu ya kai ƙololuwarsa a 1967, watau kimanin mutum miliyan 12. Abu biyu ya kamata mu lura da su game da wannan zamani. Na farko, babu dokar da ta tilasta wa kamfani ya buɗe asusu. Na biyu, kamfanin da ya buɗe yana da ikon mayar da shiga asusun sharaɗin ɗaukar aiki. Ashe ke nan ma'aikata da yawa sun riga sun saba da a shigar da su ba tare da an tambaye su ba, illa dai kamfani ne ke yin haka don amfanin kansa. Waɗanda aka bari a baya su ne leburori, da mata, da ma'aikatan ƙananan kamfanoni. Domin su ne gwamnatin jam'iyyar Leba ta kafa fansho na biyu mai bin gwargwadon albashi da dokar 1975, wanda ya fara aiki a 1978.

3. Zamanin Zaɓin Kai, 1980 zuwa 2002

Gwamnatin Margaret Thatcher ta zo da wani ra'ayi dabam. A 1980 ta raba fanshon gwamnati da hauhawar albashi, ta ɗaure shi ga farashin kaya, abin da ya sa darajarsa ta yi ta raguwa shekara da shekaru in an gwada shi da albashin masu aiki. Sa'an nan dokar 1986 ta rage fansho na biyu, ta buɗe ƙofar fanshon ƙashin kai wanda mutum zai saya daga kamfanin inshora, ta kuma hana kamfanoni, tun daga watan Afrilu na 1988, su tilasta wa ma'aikaci shiga asusunsu. Hujjar ita ce kowane baligi ya fi kowa sanin abin da ya dace da shi.

Sakamakon bai zo yadda aka zata ba. Dillalan inshora, waɗanda ake biyan su lada a kan kowane mutum da suka kawo, sun ja dubban ɗaruruwan ma'aikata, har da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu haƙar kwal, suka fitar da su daga asusu masu kyau zuwa waɗanda ba su kai su ba. Daga baya sai da aka biya diyya ta biliyoyin fam. Ana cikin haka, a watan Nuwamba na 1991 Robert Maxwell, mai jaridar Daily Mirror, ya mutu a teku, aka kuma gano cewa fiye da fam miliyan 400 sun salwanta daga asusun fanshon ma'aikatan kamfanoninsa. Dokar fansho ta 1995 ta ƙara tsaro a kan amintattun asusu, amma amincewar jama'a ta riga ta yi rauni. Su ma kamfanoni, da suka ga tsofaffin ma'aikatansu suna daɗa tsawon rai, kuɗin riƙe su yana ƙaruwa, sai suka shiga rufe asusun da ke lamunce wa mutum wani kaso na albashinsa na ƙarshe.

Gwamnatin Tony Blair ta gwada wata hanya ta tsaka-tsaki. Bisa dokar 1999, daga watan Oktoba na 2001 duk mai ma'aikata biyar ko fiye, in ba shi da asusu, lalle ne ya zaɓi wani asusu mai sauƙin caji ya nuna wa ma'aikatansa. Ba a ce ya shigar da su ba, ba a kuma ce ya zuba ko sisi ba. Kamfanoni sun bi doka, sun zaɓi asusu, sun liƙa sanarwa, amma akasarin waɗannan asusu sun zauna wayam babu kowa a ciki. Wannan gwaji yana da muhimmanci a tarihin da muke bi, domin shi ne ya tabbatar da cewa buɗe ƙofa kaɗai ba ya sa mutane su shiga.

4. Kwamitin Turner da Darasin Amurka

A watan Disamba na 2002 gwamnati ta naɗa kwamitin mutum uku: Adair Turner, tsohon shugaban ƙungiyar masu masana'antu, a matsayin shugaba, da Jeannie Drake daga ƙungiyoyin ƙwadago, da John Hills, shehun malami a fannin manufofin jin daɗin jama'a. Rahotonsu na farko, na watan Oktoba 2004, ya shimfiɗa wa ƙasar zaɓi huɗu, tun da tsofaffi suna ƙaruwa: ko dai tsofaffi su talauce in an gwada su da sauran jama'a, ko a ƙara haraji, ko a ƙara tanadi, ko kuwa mutane su daɗe suna aiki. Babu hanya ta biyar.

Game da ƙara tanadi, kwamitin ya sami haske daga wani bincike da Brigitte Madrian da Dennis Shea suka buga a 2001 a kan wani babban kamfani na Amurka. Kamfanin ya sauya tsarin shiga asusunsa: maimakon sabon ma'aikaci ya cika takarda don ya shiga asusu, sai ya zama sai ya cika takarda in yana son ya fita. Yawan sababbin ma'aikata da ke cikin asusun ya tashi daga ƙasa da rabi zuwa kashi 86 cikin ɗari. Albashi bai canja ba, sharuɗɗan asusun ma ba su canja ba. Abin da wannan ya nuna shi ne yawancin waɗanda ba su shiga ba, ba ƙin shiga suka yi ba. Ɗagawa suke yi zuwa gobe, domin lissafin yana da wuya, tsufa yana da nisa, ƙwai a baka kuma ya fi kaza a akurki.

Akwai wata hanya da kwamitin ya gani bai bi ba, watau tilas tsantsa. Ƙasar Ostareliya ta bi ta tun 1992, inda doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kaso, ba kuwa maganar ficewa. Masu sauraronmu sun san irin wannan a Nijeriya, inda dokar gyaran fansho ta 2004, da wadda ta maye gurbinta a 2014, suka wajabta zubi a kan ɓangarorin biyu, na 2014 ɗin kashi 10 daga mai ba da aiki, kashi 8 daga ma'aikaci. A Birtaniya an ji tsoron jama'a za su ɗauki tilas a matsayin sabon haraji, an kuma san akwai wanda bashi ya yi masa katutu har tanadi ba shi ne farkon bukatarsa ba. Saboda haka a rahotonsa na biyu, na watan Nuwamba 2005, kwamitin ya ba da shawarar a raba abin biyu: tilas a kan mai ba da aiki, zaɓi ga ma'aikaci. Ya kawo lissafin kashi 8 cikin ɗari, watau 4 daga ma'aikaci, 3 daga kamfani, 1 daga sassaucin haraji.

Gwamnatin Leba ta zartar da dokar a 2008. Gwamnatin haɗin gwiwa da ta gaje ta a 2010 ta sa aka sake duba tsarin, ta yi masa gyare-gyare da dokar 2011, ta kuma aiwatar da shi a ƙarƙashin ministan fansho Steve Webb. Ba kasafai ake samun manufa ta tsallake canjin gwamnati haka ba, dalili kuwa shi ne tun farko an zauna da masu kamfanoni da 'yan ƙwadago a teburi guda.

5. Abin da Doka ta Ɗora wa Mai Ɗaukar Ma'aikata

An bi abin sannu a hankali. An fara da kamfanoni mafiya girma a watan Oktoba 2012, aka yi ta gangarowa har zuwa mafiya ƙanƙanta, aka kammala a watan Fabrairu 2018. Wanda ya ɗauki ma'aikacinsa na farko daga watan Oktoba 2017 zuwa gaba, nauyin yana hawa kansa tun ranar da ma'aikacin ya fara aiki. Doka ba ta ware kowa saboda ƙanƙanta ba. Magidancin da ya ɗauki mai reno guda, hukuncinsa ɗaya da na banki mai ma'aikata dubu ɗari.

Wajibi na farko shi ne tantance ma'aikata a kowane lokacin biyan albashi. Wanda ya kai shekara 22 bai kai shekarun fanshon gwamnati ba, yana aiki a Birtaniya, kuma albashinsa ya haura fam 10,000 a shekara, dole a shigar da shi. Wannan iyaka ta fara da fam 8,105 a 2012, aka kai ta fam 10,000 a 2014. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, in shekarunsa suna tsakanin 16 da 74, yana da haƙƙin neman a shigar da shi, kuma in albashinsa ya haura ƙaramar iyaka, kamfani zai zuba masa nasa kason.

Wajibi na biyu shi ne zubi. An fara da kashi 2 cikin ɗari gaba ɗaya, 1 daga kamfani. A watan Afrilu 2018 ya koma kashi 5, 2 daga kamfani, a watan Afrilu 2019 kuma ya kai kashi 8, aƙalla 3 daga kamfani. Ba a kan dukan albashi ake lissafin ba. A shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025, alal misali, ana lissafi ne a kan abin da ke tsakanin fam 6,240 da fam 50,270. Domin kada ƙaramin kamfani ya ce bai sami asusun da zai karɓe shi ba, gwamnati ta kafa asusun NEST, wanda doka ta hana shi ƙin karɓar kowane mai ɗaukar ma'aikata. Tun daga watan Afrilu 2015 kuma an ƙayyade cajin da za a cira daga asusun da ake zuba kuɗin wanda bai zaɓi kome ba, kada ya wuce kashi 0.75 cikin ɗari a shekara.

Wajibi na uku shi ne sanarwa da ajiye shaida. Kamfani zai rubuta wa ma'aikaci cikin mako shida ya bayyana masa matsayinsa, zai kuma shaida wa Hukumar Kula da Fansho cikin wata biyar cewa ya cika abin da ke kansa. Yana iya jinkirta shigarwa har wata uku, in ya sanar. Yawancin takardun shaida za a ajiye su shekara shida.

Wajibi na huɗu, wanda a ganinmu shi ne ƙashin bayan dokar, ya shafi ficewa. Ma'aikaci yana da wata guda bayan shigarwa da zai fita a mayar masa da kuɗinsa. Amma an haramta wa kamfani ya zuga shi ko ya yi masa tayin wani abu don ya fita, an kuma haramta a nuna wa mai neman aiki cewa ɗaukarsa ta dogara ga ficewarsa. Bugu da ƙari, kowace shekara uku kamfani zai sake shigar da waɗanda suka fita, in har sun cika sharuɗɗa. Masu tsara dokar sun gane cewa duk wanda ya fice ya rage wa kamfani kashi 3, don haka suka toshe hanyar da mai biyan albashi zai bi ya mayar da zaɓin ma'aikaci nasa.

Hukumar Kula da Fansho, wadda dokar 2004 ta kafa, ita ke sa ido. Tana fara wa da takardar gargaɗi, sa'an nan tarar fam 400, sa'an nan tarar kullum daga fam 50 zuwa fam 10,000 gwargwadon yawan ma'aikata. Ƙin bin doka da gangan laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara biyu. A 2017 aka fara gurfanar da wani kamfanin motocin bas na garin Oldham saboda ƙin shigar da ma'aikatansa. A 2018 kuma aka hukunta manyan wani kamfanin samar da ma'aikatan wucin gadi a Derby, waɗanda suka riƙa shiga kwamfuta da sunayen ma'aikata suna fitar da su daga asusu ba da saninsu ba.

6. Abin da Aka Samu da Abin da Ya Rage

Ta fuskar yawan jama'a, dokar ta ci nasara. A farkon 2019 waɗanda aka shigar sun haura miliyan 10. Cikin ma'aikatan da suka cika sharuɗɗa, masu asusun fansho sun tashi daga kashi 55 cikin ɗari a 2012 zuwa kashi 88 a 2019. Masu ficewa a shekarun farko kimanin mutum ɗaya ne cikin goma, ƙasa ƙwarai da abin da aka yi tsammani, ƙarin zubi na 2018 da 2019 kuma bai kore su ba.

Sai dai kuma halin da ya riƙe mutane a cikin asusu shi ne ya riƙe su a kan mafi ƙarancin kaso. Kwamitin Turner ya ɗauki kashi 8 a matsayin tushe wanda mutum zai ɗora nasa a kai. Ma'aikata da yawa sun ɗauke shi a matsayin abin da gwamnati ta ce ya isa. Ga mai ƙaramin albashi ma bai kai kashi 8 na haƙiƙa ba: mai fam 12,000 a shekara, bisa iyakokin da muka ambata, a kan fam 5,760 kaɗai za a yi masa lissafi, watau kimanin fam 460, ƙasa da kashi 4 na albashinsa. Har ila yau, haɗarin kasuwa ya tashi daga kan kamfani ya koma kan ma'aikaci, domin a irin asusun da aka fi amfani da shi yanzu ba a lamunce wa kowa abin da zai samu ba.

Akwai kuma waɗanda dokar ba ta kai gare su ba. Tun da kowane aiki dabam ake auna shi, mai aiki biyu da ke samun fam 8,000 a kowanne ba za a shigar da shi kai tsaye a ko ɗaya ba, mata kuwa su ne suka fi yawa a wannan rukuni. Masu sana'ar kansu ba su da wanda za a rataya wa nauyin. Wannan ya sa tambayar wane ne ma'aikaci ta zama tambayar fansho: sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Fabrairu 2021 cewa direbobin Uber ma'aikata ne a idon doka kafin kamfanin ya shigar da su. Binciken gwamnati na watan Disamba 2017 ya ba da shawarar a sauko da shekarun shiga zuwa 18, a kuma fara lissafi daga fam na farko. Dokar 2023 ta ba minista ikon yin haka, ta bar masa zaɓin lokaci. A watan Yuli 2025 gwamnati ta sake kafa kwamitin fansho, da Jeannie Drake a cikinsa, don ya duba ko abin da ake tarawa zai isa.

7. Kammalawa

Mun ga yadda nauyin tanadin tsufa ya zagaya a Birtaniya. Gwamnati ta ɗauki tushe a 1908 da 1948. Kamfanoni sun ɗauki ƙari bisa son ransu har zuwa shekarun 1960, suka kuma yi ta saukewa bayan nan. A 1988 an miƙa wa ma'aikaci shi kaɗai, a 2001 an nuna masa ƙofa, duka biyun ba su kai ga biyan bukata ba. Dokar 2008 ta yi aiki ne domin ta ɗora wajibi a kan wanda ke riƙe da littafin albashi, wanda hukuma za ta iya ƙirgawa, ta bincika, ta ci tara, ta kuma bar wa ma'aikaci hanyar fita wadda ba a yarda kowa ya tura shi cikinta ba.

Darasin da muke ganin masu nazarin dokokin ƙwadago za su ɗauka shi ne, duk dokar da ta dogara ga shirun mutane ta ɗauki amanar abin da shirun zai haifar musu. Ma'aikacin da aka shigar a 2012 yana ɗan shekara 22 ba zai san abin da kashi 8 ya tara masa ba sai bayan shekara ta 2055, lokacin da ba sauran damar gyara. Tun da ba a tambaye shi ba sa'ad da aka yanka masa kason, alhakin tabbatar da cewa kason ya isa yana kan Majalisar da ta yanka shi.